Abin da ya kamata ku sani kafin ku miƙe yin jawabi a gaban jama'a

A Karakkai, kamar sauran garuruwan ƙasar Bungudu, ba sai mutum ya zama ɗan siyasa ko limamin Juma'a ba kafin ranar tsayuwa gaban jama'a ta riske shi. Za a yi taron iyayen yara da malamai a firamare, a ce wane tashi ka yi magana a madadin iyaye. Za a yi walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyya, a miƙa wa uwar ɗaliba abin magana. Ƙungiyar manoma za ta tura wakili sakatariyar ƙaramar hukuma kan batun taki, ko ɗan majalisa ya zo jaje a ce matasa su fitar da mutum guda ya faɗi kukansu. Ɗalibin da ya tafi Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Maru kuwa, dole wata rana ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa, ko ya shiga aji gwajin koyarwa. Da yawa daga cikin waɗannan mutane suna da gaskiya a hannu, sun san matsalar ciki da bai, amma sai su tashi su zauna ba wanda ya riƙe abin da suka ce. Wannan asara ce, wani lokaci ma asarar gari guda, domin baƙon da ya zo da mota daga Gusau ba lalle ya sake dawowa a shekarar ba.

Mutanenmu sukan ce iya magana baiwa ce, wanda Allah ya ba shi ke nan. Akwai baiwa, ba musu. Amma mafi yawan abin da ke sa jawabi ya shiga kunne koyonsa ake yi, kuma mu Zamfarawa ba sai mun je nesa neman malami ba.

A ƙarshen shekarun 1780 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo ƙasar Zamfara yawon wa'azi, ya zauna a Faru, ya yi wajen shekara biyar yana kiran mutane. Ƙanensa Malam Abdullahi ya ba da labarin wannan zama a littafinsa Tazyinul Waraƙati. A lokacin Shehu ba shi da sarauta, ba shi da runduna, ba lasifika ba rediyo. Harshensa da iliminsa da halinsa su ne jarinsa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya sha zama a majalisinsa, ya bayyana yadda yake gudanar da wa'azi a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, kuma duk mai son koyon jawabi ya kamata ya san wannan bayani. In Shehu zai fito wurin jama'a, yakan ɗan dakata shi kaɗai kafin ya iso, ya faɗi wasu kalmomi a hankali. Da Bello ya tambaye shi dalili, sai ya gaya masa niyya yake sabuntawa, yana roƙon Allah ya ba shi ikhlasi, ya kuma fahimtar da mahalarta abin da zai faɗa. In ya iso sai ya yi sallama da muryar da kowa zai ji. In ya hau kujerarsa ya gaishe su har sau uku da sakin fuska, sannan a yi shiru ya fara. Yakan ɗaga murya, kuma ba ya keɓe mutum ɗaya da magana ya bar saura. Cikin taron akwai waɗanda ba sa jin a yi shiru, akwai masu katse shi da tambaya, amma ba ya nuna ƙosawa ko fushi. Yakan tsaya ya amsa, sannan ya ɗora. Da harshen mutanen wurin yake magana kuma, Hausa ga mai jin Hausa, Fulatanci ga mai jin Fulatanci, alhali littattafansa da Larabci yake rubuta su.

Ku lura da abin da Shehu ke roƙo a wannan 'yar tsayuwa. Damuwarsa mutane su gane. A ganina duk sirrin jawabi a nan yake. Yawancinmu in za mu tashi, tunaninmu a kanmu yake: yaya rigata, kar in yi kuskure, me wane zai ce. Wanda ya ƙware kuwa tunaninsa na kan dattijon da ke zaune can ƙarshen rumfa kusa da masu tallan gyaɗa, wanda kunnensa ya fara nauyi. In wannan dattijo ya koma gida iyalinsa suka ce me aka faɗa, zai iya ba su amsa? In zai iya, jawabi ya yi. In ya ce wallahi yaron ya iya magana amma bai riƙe komai ba, to wahalar banza aka sha.

Saboda haka ka fara sanin abu guda da ya tashe ka. Kafin ka rubuta komai, samu abokinka ko maiɗakinka ka faɗa a numfashi ɗaya me kake so mutane su yi ko su sani bayan ka zauna. In ka kasa, ba ka shirya ba tukuna, ko da ka cika takarda biyar. Wakilin gari yakan tashi gaban babban baƙo ya kawo batun hanya, da asibiti, da taki, da tsaro, da wutar lantarki, da aikin yi ga matasa, duk a tsayuwa ɗaya. Kowanne gaskiya ne. Amma baƙon zai ce ya ji, za a duba, kuma ba za a iya kama shi da alkawari ko ɗaya ba, domin ba a ɗora masa takamaiman abu ba. Ku zauna tun kafin ranar ku yi gardamarku a gida, ku fitar da wanda ya fi ci muku tuwo a ƙwarya, sauran ku rubuta a takarda ku miƙa hannu da hannu.

Sai sanin waɗanda za ka yi wa magana. An ruwaito daga Sayyadina Ali yana horo da a yi wa mutane magana da abin da za su iya ganewa. Taron manoma daban, taron malaman makaranta daban, zauren uban ƙasa daban. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru nan kusa da mu kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasar NEPU, ya yi karatu har Landan, Turanci da Larabci duk a bakinsa suke. Amma in ya tsaya gaban talakawa, da haraji da jangali da aikin tilas yake musu misali, abubuwan da ke ci musu rai kullum, cikin Hausar da mai faskare zai gane. Shi ya sa maganarsa ta riƙa yawo kasuwa-kasuwa a bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Yau sai ka ga yaro ya yi shekara biyu a makaranta a birni, ya dawo taron ƙauyensu yana tsarma Turanci a kowace jimla. Iyayensa za su yi alfahari, amma saƙon ya faɗi a hanya. Haka malamin da zai jero Larabci mai tsawo bai fassara ba. Kuma kada wani ya ji kunyar Zamfarcinsa. Wanda ya tashi da munka da sunka, in ya ce sai ya ari Hausar 'yan rediyon Kano ranar taro, rabin hankalinsa zai tafi wajen gadin harshensa, mutanensa kuma su ji kamar baƙo ne ke musu magana.

Shiri yana da gajiya, shi ya sa ake gudunsa ana cewa in na tashi Allah zai kawo abin faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka yi magana kan makaranta, je ka ƙirga ajujuwan da rufinsu ya yaye da idonka, ka tambayi hedimasta yawan yara da yawan malamai. In kan taki ne, san kuɗin buhu a kasuwar Gusau a makon nan, kada ka dogara da na bara. Adadi ɗaya ko biyu na gaskiya sun fi "da yawa" da "ba iyaka" nauyi a kunnen ma'aikacin gwamnati. Abin da ba ka tabbatar ba kuwa bar shi, domin in aka kama ka da ƙari a wuri guda, sauran gaskiyarka ma ta zama abin shakka.

Kada ka rubuta jawabi kalma da kalma ka zo ka duƙar da kai kana karantawa, sai fa in sanarwa ce ta hukuma ko ta ƙungiya wadda ba a son a sauya ko harafi. Kada kuma ka haddace shi gaba ɗaya, domin kalma ɗaya in ta ɓace sauran duk sai su bi ta. Rubuta kanun maganarka uku ko huɗu da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, da boko ko da ajami, wanda idonka ya fi saurin kamawa, tare da sunaye da lambobin da ba ka son kuskurewa. Sannan ka gwada da babbar murya, a gona ko a ɗaka, ka ɗauki kanka a waya ka saurara. Ba daɗi jin muryar kai karon farko, amma nan za ka ji yawan "wato" da "ka gane" da "a gaskiya" da kake cusawa, ka kuma ga minti nawa ka ci. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, ya yi shekarun ƙarshen rayuwarsa ba ya gani, amma yakan riƙe zaure cike da manya ba takarda a hannunsa. Wanda ya saurari jawabansa da yawa zai lura akwai labarai da misalai da yake komawa gare su a wurare daban-daban. Tun da daɗewa ya tanade su, yawan faɗa ya goge su.

Mu Hausawa ba ma fara magana ba sallama da girmama na gaba, kuma wannan ado ne da bai kamata a yar ba. Sai dai gaisuwa ta zama inda jawabai da yawa ke mutuwa. Mutum na bakwai a jerin masu magana zai tashi ya sake jero duk sunayen da mutum shida suka riga suka jero, ya cinye rabin lokacinsa. Aikin mai gabatarwa ne, ko sanƙira a wurin biki, ya kira kowa da sunansa da sarautarsa. Kai in an zo kanka, yi sallama, ka yi salati, ka gai da mafi girma a wurin da shugaban taro, ka haɗa saura a gaisuwa ɗaya: iyayenmu sarakuna, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana matasa. Wanda za ka ambata kuwa, ka tabbata ka san sarautarsa daidai. Sarkin Gusau Sarkin Katsina ake ce masa, na Bungudu Sarkin Fulani, na Tsafe 'Yandoto, ga kuma Sarkin Kwatarkwashi da tasa masarautar cikin ƙaramar hukumar Bungudu. A yankinmu uban ƙasa yana sama da hakimi, alhali a Kano hakimi shi ne mai gunduma. In kana shakka, tambayi mai gabatarwa tun kafin a buɗe taro. Kuskuren suna ko tsallake babba yakan sa wani ɓangare na jama'a ya toshe kunne tun ba ka shiga magana ba. Sannan a rage dogon ban-haƙurin nan na "ni ban iya magana ba, ba ni ya kamata in tsaya nan ba". Tawali'u ne, amma jimla ɗaya ta wadatar. In ka yi ta nanatawa, mutane za su yarda da kai su koma hirarsu.

A ce famfon makarantar gari ya lalace, shugaban ƙaramar hukuma ya zo, aka ba wakilin iyaye minti uku. Wani zai fara da tarihin kafuwar makarantar, ya yabi gwamnati, ya yabi baƙo, ya ce matsaloli sun yi yawa sai dai addu'a, har a karɓe abin magana bai kai ga famfo ba. Wani kuma bayan sallama sai ya ce: "Ranka shi daɗe, abin da yak kawo mu guda na. Famfon makarantammu ya lalace tun da kaka. Ɗiyanmu na barin aji su tahi rafi ɗibar ruwa, wasu ba su komowa sai an tashi. Mun kira mai gyara ya duba, ga takardar kuɗin da yac ce. Mu iyaye mun tara kashi ɗaya cikin ukku. Muna roƙon a cika muna sauran kahin watan azumi." Ya yi godiya ya zauna. Dubi abin da ke cikin wannan 'yar magana. Ta faɗi matsala, ta nuna wanda take cuta har kana ganin yaran da jarka a ka, ta nuna masu roƙo sun motsa da kansu, ta faɗi abin da ake nema da lokacin da ake son sa. Ba zagi, ba fadanci. Baƙon da aka yi wa irin wannan magana gaban jama'a, da wuya ya tashi bai ce komai a kan famfo ba. Wannan tsari yana aiki a wurin neman gudummawar gyaran masallaci, yana aiki a zaman sulhu, yana aiki ga ɗalibi mai kare aikinsa: ga lamarin, ga hujja, ga abin da nake so a yi.

Tsawaitawa ita ce cutar da ta fi kama masu magana a ƙasar nan, manya da yara. Addini bai bar wannan batu ba. A Sahihu Muslim akwai hadisin Ammaru ɗan Yasir da ke nuna cewa gajarta huɗuba da tsawaita salla alamar fahimtar mutum ce. Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum sai ya ƙi, don gudun kada ya gundure su, ya kuma nuna haka Annabi (SAW) yake lura da sahabbai. A Amurka ma, a watan Nuwamba na 1863, an yi taro a maƙabartar sojoji ta Getisbag, babban mai jawabi ya yi wajen awa biyu, shugaban ƙasa Abraham Linkon ya yi kamar minti biyu, kuma na Linkon ne ake koya wa yara a makarantu har yau. Mu a nan muna da ƙarin dalili. Taron da aka fara bayan La'asar, mutanen ƙauyukan kewaye rana suke kallo, domin kowa na son ya hau babur ya isa gida da sauran haske, halin hanyoyinmu ba ɓoyayye ba ne. Da damina hankalin manomi na gona. Da bazara wanda bai sami rumfa ba a rana yake tsaye. In an ba ka minti biyar, shirya na huɗu. In ka ga an fara latsa waya, ana hira ƙasa-ƙasa, mata na gyara goyo suna miƙewa, tsallake zuwa buƙatarka ka rufe. In kuma ka ce "daga ƙarshe", to ya zama ƙarshen ne.

Mai jin tsoro sauri yake yi, don ya gama ya huta. Nana A'isha ta siffanta maganar Annabi (SAW) da cewa ba ya jero ta da gaggawa, har mai ƙirga zai iya ƙirga kalmominsa, Anas kuma ya ce yakan maimaita magana sau uku don a gane. Wanda ya saurari jawabin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoba 1960, zai ji yadda yake ajiye kowace kalma a wurinta. Haka Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi na nan Zamfara, ya yi shekaru yana tafsiri a masallacin Sultan Bello na Kaduna ana sa shi a rediyo. Ba mai ihu ba ne, a natse yake magana, amma har ƙauyukan da ba wuta ana kewaye akwatin rediyo don a ji shi. In ka faɗi magana mai nauyi, yi shiru kaɗan ka bar ta ta zauna. Kai shirun zai yi maka tsawo, ga mai sauraro kuwa daidai yake.

Abin magana ma yana da ladubbansa. Zo da wuri ka gwada shi. Riƙe shi kamar faɗin tafin hannu daga bakinka, kada ka manna shi a leɓe, kada ka busa shi ko ka bubbuga. Ƙarar nan mai huda kunne tana tashi ne in makirufo ya fuskanci lasifika ko ya matso kusa da ita, sautin ya riƙa kewayawa tsakaninsu, don haka ka tsaya ta bayan lasifikar. Roƙi mai kayan sauti ya rage amsa-kuwwar da suke ƙara wa murya, wadda ke da daɗi a waƙa amma take cakuɗa kalmomin jawabi, a kuma kai janareto nesa da rumfa. In mai ya ƙare kana tsaka da magana, kada ka tsaya jiran gyara. Matso kusa da mutane, ɗaga murya daga ciki yadda maƙogwaro ba zai dishe ba, ka taƙaita.

Sai shi kansa tsoron. Zuciya na bugawa, baki ya bushe, gwiwa ta yi sanyi, takarda na rawa a hannu. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma asiri aka yi maka ba. Jiki ne ke sakin wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin in ya ji kamar akwai haɗari, shi ke ƙara bugun zuciya har miyau ya ƙafe. Yakan fi tsanani gab da farawa da kuma mintin farko, sannan ya lafa. Annabi Musa (AS) kansa, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirji, ya warware masa ƙullin harshe don a fahimci maganarsa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Kafin a kira ka, ja numfashi a hankali ta hanci ka sake shi a hankali, ka maimaita, ka kurɓi ruwa. Jimlolinka biyu na farko kuwa ka riƙe su sosai yadda za su fito ko da kanka ya ɗaure. Ina kuma jan kunnen matasa, kada wani ya ce ka sha wani abu don ya ba ka ƙarfin hali. Ƙwaya baki take sakewa ta ɗaure hankali, kuma abin kunyar da za ta jawo maka ya fi na rawar murya nesa ba kusa ba. Mai in'ina ma kada ya ja da baya. Mutane na haƙuri da shi in sun ga yana da abin faɗa.

Al'adarmu ta hana yaro ƙura wa babba ido, kuma ba a ce ka yi haka ba. Amma kada ka kafe idonka a ƙasa ko a teburin manya kaɗai. Raba kallonka dama da hagu da baya, har ɓangaren mata. Gyara hula da babbar riga tun kafin ka tashi, don kada hannunka ya yi ta komawa kansu.

In an yi maka tambaya, saurara har mai ita ya gama, ka maimaita ta da ƙarfi don na baya su ji, sannan ka amsa. Wadda ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, za ka bincika. Imamu Malik da girmansa ya sha faɗin haka. Wanda ya tashi don ya tunzura ka kuwa, in ka biye masa shi ya ci riba, domin gobe faɗan za a riƙa ba da labari a manta da abin da ya tara ku.

Akwai abin da ya zama dole a faɗa saboda halin da Zamfara ke ciki. Magana zarar bunu ce, ga shi yanzu kowane taro akwai waya a sama tana ɗauka. Kafin ka isa gida maganarka ta shiga WhatsApp da Facebook, ta kai kunnen wanda ba ka yi zato ba. In kana kukan tsaro gaban hukuma, faɗi abin da ya faru da abin da kuke nema, amma kada ka kama sunan wani a bainar jama'a ka ce shi ke kai wa 'yan bindiga rahoto. In kana da shaida, akwai hanyar kai ta ga jami'an tsaro da uban ƙasa a asirce. Kada ka faɗi shirin da gari ya yi na kare kansa a lasifika. Kada ka yi wa wata ƙabila kuɗin goro, domin jimla ɗaya daga bakin mai jawabi tana iya sa a far wa wanda bai ji ba bai gani ba a kasuwa. Tafi da kabbara suna da daɗi, kuma hanya mafi sauri ta samunsu ita ce zuga mutane. Mai jawabi na ƙwarai yakan haƙura da irin wannan tafin. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a faɗin jihar aka kuma dakatar da kasuwannin mako, labari ya koma bakin limamai da masu unguwanni da masu shela. A irin wannan lokaci gari ke sanin darajar mutumin da in ya faɗi magana ba sai an je tambayar wani ba.

Duk wannan bayani ya shafi mata su ma. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa mata shugabanni da ake kira jaji, ta ba su malfa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koma su karantar da saura. Yau ma malamar Islamiyya, da ma'aikaciyar asibiti mai yi wa masu awon ciki bayani, da uwar adashi, duk jawabi suke yi. Kunya ado ce, amma ba ta hana a ji murya. Matsalar da ta fi yawa a taron mata ita ce a yi magana ƙasa-ƙasa, ga kukan yara, sai na gaba kaɗai su ji. 'Yar'uwa, ki tsaya inda kowa zai gan ki, ki jira a natsu, ki faɗi abu ɗaya ki maimaita shi, sannan ki sa wata daga baya ta faɗa miki abin da ta ji. In batun shan magani ne ko ranar rigakafi, wannan maimaitawa tana iya ceton rai.

In ka zo rufewa, sake faɗin buƙatarka sau ɗaya, ka yi godiya da gajeriyar addu'a, ka zauna. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da ƙaramin wuri: sanarwa a masallacin unguwa bayan salla, godiya a wurin suna, rahoto a mitin ɗin ƙungiya. Ya kuma sami mutum ɗaya mai gaya masa gaskiya, bayan an watse ya tambaye shi me ya riƙe daga cikin abin da aka faɗa.

Kirana ga hedimastoci da malaman Islamiyya na Karakkai da Bungudu da Tsafe da Gusau shi ne ku ware lokaci kowane mako a yi muhawara, da Hausa da Turanci. Ku ba kowane yaro, mace da namiji, minti biyu ya tsaya gaban aji ya yi bayanin abin da ya sani, ko da yadda ake shuka gero ne ko yadda ake yin ƙuli-ƙuli. Kada ku bar wa yara uku masu baki abin, mai noƙewa a bayan aji shi ya fi buƙata. Iyaye kuma, in yaro na ba da labari a gida, don Allah a bar shi ya kai aya kafin a gyara masa.